Ko Kun Sani? Kwamfutar Yau Mai Kwaikwayon Na'urar 1971

A manyan bankuna da kamfanonin inshora na duniya, har yau akwai ma'aikatan da ke zaune gaban sabuwar kwamfuta fil, amma allonta baƙi ƙirin da korayen haruffa. Wata manhaja ce ke yi wa kwamfutar shigar burtu, ta fito a siffar IBM 3270, na'urar da IBM ya fitar a 1971, don uwar kwamfutocin da ke riƙe da asusun jama'a ta yarda ta saurare ta.

Wajen zaɓen irin wannan manhaja, tambayar farko ita ce: wace na'ura take kwaikwayo? Ita 3270 ba ta aika harafi ɗaya-ɗaya. Ma'aikaci zai cike guraben da ke kan allo, galibi layi 24 kowanne mai harafi 80, ya danna Enter, sannan abin da ya rubuta ya tafi a dunƙule. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin tana bai wa babbar kwamfuta sararin kula da dubban mutane a lokaci guda. A na'urar VT100 kuwa, ta kamfanin DEC ta 1978, maɓallin da ka taɓa nan take yake tafiya. Ita manhajar PuTTY, duk farin jininta, ba ta kwaikwayon 3270. Sai irin su x3270, wadda kyauta ce.

A kuma duba inda manhajar ta ajiye maɓallan PF1 zuwa PF24 na 3270, tunda allon rubutun yau yawanci a F12 ya tsaya.