Mizanin Ƙissa a Wasannin Kwamfuta, Kamar Yadda Ake Auna Shi a Kamba

Garin Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, gari ne da Allah ya ajiye shi a kan hanyar fatake, domin kayan da aka sauke daga jirgin ruwa a Kwatano, idan sun hau arewa suka iso Malanville, suka haye gadar Kwara zuwa Gaya ta ƙasar Nijar, to, ba su da sauran nisa da kasuwarsa. Waɗansu kuma sukan ɓullo ta wajen Tsamiya da Lolo a ƙasar Bagudo. A cikin irin waɗannan kaya na gwanjo akwai na'urorin PlayStation waɗanda 'ya'yan Turawa suka gama yayinsu, su ne kuwa ake girkawa a ƙananan shaguna tare da talabijin da janareta, yara da samari suna biyan kuɗi suna karɓar linzami bi da bi.

Ma'abota wannan fanni a ƙasashen waje sun daɗe suna jayayya a kan wane kamfani ne ya fi iya tsara ƙissa, har suna raba kyaututtuka a kai kowace shekara. Auna masu hikaya da junansu kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da gasar da aka shirya a 1933 ita ce ta fito mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai dai mizanin waɗancan masana an ƙera shi ne domin mutumin da ya mallaki na'urarsa, yake zaune cikin ɗakinsa da wutar da ba ta yankewa, yake kuma jin Turancin da ake yi a ciki. Yaron Kamba, wanda yakan ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci, wani lokaci har da ɗan Faransancin kasuwa, ga mai jiran layi a tsaye a bayansa, ga man janareta yana ƙonewa, da zarar wasa ya tsaya domin taurarinsa su yi doguwar magana sai ya danna ya wuce. Saboda haka ni a ganina, hujjar da ta fi ƙarfi a nan ita ce abin da yaron nan zai iya maimaita wa abokansa da dare bayan ya tsallake duk maganganun. Abin da ya tsira daga wannan tsallakewa, shi ne ƙissar da kamfanin ya sa a hannunsa.

Kamfanonin ƙwallon ƙafa, wato EA da ta yi wasannin FIFA da Konami da ta yi na PES, su suka fi kowa kasuwa a waɗannan shaguna, amma ba za a daɗe a kansu ba. EA ta gwada labari a FIFA 17, na wani matashin ɗan wasa mai suna Alex Hunter, ta ja shi shekara uku ta bari. Labarin da ke cikin ƙwallo masu bugawa ne ke ƙirƙirarsa, wane ya ci wane, wane ya rama.

Wanda masana suka fi ɗaukakawa shi ne Naughty Dog na Amurka, musamman saboda The Last of Us na 2013, ƙissar wani mutum mai suna Joel wanda 'yarsa ta rasu a hannunsa daren da annoba ta ɓarke, bayan shekara 20 kuma aka ɗora masa amanar raka wata yarinya, Ellie, ta ratsa ƙasar da ta zama kufai. Alal haƙiƙa mafarin wasan gwaninta ce, domin linzamin da aka fara miƙa maka na ita 'yar ne, kai ne ke yawo da ita cikin gida tana neman mahaifinta, saboda haka mutuwarta ba ta bukatar tafinta. Amma daga nan mafi yawan balagar kamfanin tana cikin zance ne da kallon fuska, irin na majigi, shi ya sa da aka mayar da labarin fim mai dogon zango a 2023 bai yi asarar abu mai yawa ba. Akwai kuma aibin da aka daɗe ana ambata wa wani wasan nasu, Uncharted, inda tauraron yake mutum mai raha da sauƙin hali a cikin zance, alhali kuwa da hannun mai wasa yana hallaka ɗaruruwan mutane ba tare da ko gezau ba, ƙissa tana faɗin abu ɗaya, aiki yana ƙaryata ta.

Rockstar kuwa sha'aninsa daban ne, kuma dole a faɗi gaskiya cewa wasansa GTA San Andreas na 2004, wanda har yanzu yake yawo a tsofaffin na'urori da wayoyin hannu, cike yake da alfasha da ta'addanci waɗanda uba mai hankali ba zai bar ƙaramin yaro da su ba. Da yawa daga masu buga shi ba su san cewa tauraron wasan, CJ, ya komo gida ne saboda an kashe mahaifiyarsa ba. Satar mota da tseren 'yan sanda kawai suka sani. Amma wannan kamfani ɗin dai shi ne a 2018 ya fitar da Red Dead Redemption 2, wanda a cikinsa akwai wata mas'ala da ta cancanci a tsaya a kanta. Arthur Morgan ɗan fashi ne a Amurkar 1899, aka aike shi karɓo bashin riba daga wani matalaucin manomi mara lafiya, kai mai wasa kai ne za ka je ka doke shi, a cikin dukan kuwa manomin ya yi masa tari a fuska. Babu wanda zai ce maka komai a lokacin. Sai bayan tafiya ta yi nisa, ka manta da manomin sarai, sannan Arthur ya fara tari, jikinsa ya rame, abinci ya daina yi masa amfani, likita ya tabbatar masa da tarin fuka. Daga nan ragowar wasan ya koma hisabin mutumin da ya san ajalinsa ya matso, yana neman abin da zai gyara kafin ya tafi. Zalunci da sakamakonsa da nadama duk sun bi ta yatsun mai wasa, ko da bai ji kalma ɗaya ta Turanci ba.

Kamfanin Santa Monica, masu God of War, sun yi abin yabo a 2018 da suka mayar da Kratos, wanda a da fushi kaɗai aka san shi da shi, uba mai koyon yadda ake zama da ɗa, ko da yake ginin labarin a kan gumakan Girkawa da na mutanen arewacin Turai yake, abin da Musulmi zai kalla a matsayin tatsuniyar jahiliyyar waɗansu. CD Projekt na ƙasar Folan, masu The Witcher 3 na 2015, sun fi kowa yalwar zance da zaɓi, wannan kuwa shi ne ya sa rabon yaron Kamba a ciki ya zama kaɗan.

Idan aka bi wannan mizani har ƙarshensa, wanda zai rinjaya ƙaramin wasa ne da ba a cika ganinsa a shagunanmu ba, Brothers: A Tale of Two Sons, wanda Starbreeze na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013 bisa jagorancin Josef Fares, haifaffen Labanan. Mutanen cikinsa ba su magana da wani harshe da ɗan Adam ya sani. Wa da ƙane ne suka fita neman magani domin mahaifinsu, hannunka na hagu yana tafiyar da wan, na dama yana tafiyar da ƙanen, shi ƙanen kuwa yana tsoron ruwa domin a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, saboda haka duk inda aka zo ƙetare kogi sai ya rataya a bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya rasu, hannunka na hagu ya zauna ba aiki. Ga ruwa kuma a gaban ƙanen, ya ƙi shiga, ba zai iya haye shi ba sai ka danna madannin mamacin. Duk ɗan da ya tashi kusa da Kwara, ya san abin da ruwa ke yi wa gida idan kwalekwale ya kife, zai fahimci wannan ba da sharhin kowa ba.

A nahiyarmu ma an fara. Maliyo Games na Legas, wanda aka kafa a 2012, ya fi karkata ga gajerun wasannin waya, Kiro'o Games na Yawunde kuwa ya fitar da Aurion a 2016, labarin wani sarki da surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar aurensa da naɗinsa. Ƙasar da Kamba take cikinta kuwa ba ta rasa abin bayarwa ba, domin daga Dandi ne Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙar rundunar Maroko bayan faɗuwar Songhai a Tondibi a 1591, kamar yadda Tarikh al-Sudan ya kawo, kafin nan kuma ga Muhammadu Kanta, wanda ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen 1516 ya kafa daular Kabi da birninta Surame. Maƙerin da ya ɗauki ƙissar Kanta, idan ya bar mai wasa ya sha wahalar yaƙin nan da hannunsa tun daga fita har komowa, sannan ya tsayar da shi a wurin rabo ya ga an hana shi kasonsa, to, ba ya bukatar ya rubuta masa dalilin tawaye da Hausa ko da Dandanci.