Ina Kuɗin Asusun Muhalli Suke Shiga?

Tun 1981 Najeriya ke da Asusun Kula da Muhalli, wanda ake ware wa kaso daga asusun tarayya domin yaƙi da ambaliya, zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Jihohi da ƙananan hukumomi ma suna karɓar rabonsu.

Matsalar tana wajen bin diddigi, domin ba kasafai ake bayyana wa jama'a aikin da aka yi da kuɗin ba. Ga magudanan ruwa a unguwannin Kano maƙare da ledoji da robobi, ruwan dare ɗaya ya isa ya kutsa ɗakunan mutane. Yashe su kafin damina ya fi arha a kan rabon tabarmi da shinkafa bayan gidaje sun rushe. Majalisun dokokin jihohi ke da hurumin neman lissafin kuɗin daga gwamnoni.