KIRAN GAGGAWA: WA ZA A FARA BA HANYA?

A Cadakori, da Gazawa, da Agye, da Gidan Runji, salula ta shiga kusan kowace unguwa. Tun shekarar 2001 da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar, abin sai ƙaruwa yake yi. Ƴan ci-rani suna kiran gida daga Agadas, daga Libiya, daga Abijan. Da yawa daga cikinsu sun bar kira irin na da. Sun koma kiran intanet, kamar na WhatsApp. Ya fi araha, kuma uwa tana ganin fuskar ɗanta.

Amma kira iri-iri ne. Akwai na gaisuwa. Akwai na ciniki. Akwai kuma na mai neman ceto: gobara ta tashi, ko haihuwa ta zo da gardama, ko maciji ya sari yaro a gona, ko ɓarayi sun shigo gari da dare. Shi ake ce wa kiran gaggawa. Idan hanya ta cika, wa za a fara bari ya wuce?

Hanyar kira tana cika

Kowa ya san dogon ƙarfen nan da kamfani ke kafawa a bakin gari. Shi ke karɓar kiran mutanen yankin. Yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Kamar rijiya ce: bakinta ba ya ɗaukar guga ɗari. Shi ya sa ranar Salla mutum zai yi ta kira, kira ya ƙi shiga, alhali yana da kuɗi a waya, kuma rezo ya cika.

Ranar masifa ta fi ranar Salla cinkoso. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama mai yawa ya sauka a birnin Maraɗi. Gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. A irin wannan rana kowa na neman ɗan'uwansa ya ji ko yana lafiya. Ba laifi ba ne, zumunci ne. Sai dai wanda bango ya danne shi ma a wannan layi yake jira.

Wannan matsala tsohuwa ce. A shekarar 1935 gobara ta tashi a wani gida a birnin Landan na ƙasar Ingila. Wani maƙwabci ya ɗauki talho don ya kira masu kashe wuta. Aka bar shi cikin layi yana jira. Mata 5 suka mutu a gobarar. Bayan haka, a 1937, hukuma ta ware lamba ta musamman, 999. Duk wanda ya buga ta, sai jar fitila ta kama a ofishin talho, ƙaho ya yi ƙara, a bar kowa a amsa masa. Amurka ta ware tata lambar, 911, a 1968. Ƙasashen Turai suka yarda da 112 a 1991. Nijeriya ma 112 ta ɗauka.

A Nijar lambobin uku ne. Lamba 17 ta ƴan sanda ce. Lamba 18 ta sojojin kashe gobara ce. Lamba 15 ta likitocin gaggawa ce, ita ce aka yi ta sanarwa a rediyo lokacin cutar korona a 2020. Ba a cire wa mutum kuɗi idan ya buga su.

Yadda murya ke tafiya a intanet

A talho irin na da, idan mutum biyu suna magana, ana ware musu hanya guda, tasu ce su kaɗai har su gama. Intanet ba haka take aiki ba. Wayar tana yayyanka muryar mutum ƙanana-ƙanana, kamar yadda mai goro ke ƙulla shi ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli yana ɗauke da adireshin inda za shi. Sai a zuba su a hanya tare da kayan sauran jama'a: hotunan biki, waƙoƙi, wa'azi, wasan ƙwallo. A can ƙarshen hanya wayar mai sauraro ta tattara su, ta jera su, murya ta fito. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Idan hanya ta cunkushe, wasu ƙulle-ƙullen sai su makara, wasu su ɓace. Hoton biki ba ya damuwa da makara, ko gobe ya iso hoto ne. Murya kuwa ba ta jira. Shi ne ake jin magana tana tsinkewa, ko fuskar mutum ta daskare a gilashin waya. Kiran bidiyo ya fi na murya nauyi ninkin ba ninkin. Mutum goma masu kiran bidiyo suna iya cinye wurin da zai ishi masu kiran murya da yawa.

Masana sun nemi dabara. Tun 1998 suka yarda a riƙa sa wa ƙulli alama a goshi, mai nuna cewa wannan na sauri ne, wancan yana iya jira. A 2006 suka ƙara wata alama, wadda ake sawa tun lokacin da kira ke neman shiga, don injin kamfani ya san kiran ceto ne. Idan ya ga alamar, sai ya kai shi gaban layi. A wasu ƙasashe har ana katse kiran hira don a ba shi wuri. Kamar motar asibiti ce mai jiniya a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni: manyan motoci da amalanke duk sai su kauce.

To, ga inda gizo ke saƙar. Alamar nan tana aiki a cikin gidan kamfani guda, inda shi ke da iko da hanya tun daga farko har ƙarshe. Kiran WhatsApp kuwa yana ratsa hanyoyin kamfanoni da yawa, a ƙasashe da yawa. Wani kamfanin ya girmama alamar, wani ya goge ta. Takardar mai gari tana da ƙarfi a garinsa. In an ƙetare iyaka, takarda ce kawai. Akwai kuma dalilin goge ta: da an bar kowa ya sa wa kiransa alama, da kowa ya ce nasa ne na gaggawa, har mai tambayar kuɗin buhun wake.

Matsala ta biyu ita ce sanin wuri. Talhon gida yana ɗaure da waya a bango, ofis ya san gidan da yake. Salula kuma an san dogon ƙarfen da ta kama. Amma kiran intanet ba ya faɗin ko daga Cadakori ya fito ko daga Makka. Wane ofishin ƴan sanda za a miƙa wa shi? A Amurka sai da hukuma ta kafa doka a 2005, ta tilasta wa kamfanonin talhon intanet su riƙa kai kiran 911 inda ya dace, tare da adireshin mai kira. Kamfanin WhatsApp shi da kansa ya rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa ba a kiran lambobin gaggawa ta hanyarsa. Mutane kaɗan ne suka karanta wannan. Wanda ke neman 17, ko 18, ko 15, sai ya fita daga WhatsApp, ya buga lambar a wurin kira na kullum.

Intanet ma takan yanke daga nesa. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe fiye da 10 na Afirka suka ji a jikinsu, har da Nijar, wadda ba ta da teku. Kiran salula na cikin ƙasa ba ya bi ta teku. Manomi a Tibiri da ke kiran likita a Gidan Runji ba ruwansa da waɗannan wayoyi, muddin kira na kullum ya yi.

Abin da ya shafi ƙauye

Gaskiya ɗaya ce: sojojin kashe gobara da likitocin gaggawa a manyan garuruwa suke. Kafin motarsu ta iso wani ƙauye, ta hanyar rairayi, an daɗe. Saboda haka lambar majon likita na kusa, da ta ungozoma, da ta mai gari, da ta jandarmomi, da ta mai kabu-kabu ko mai mota a gari, duk lambobin ceto ne. Sai dai su ba su da wata alama. Injin kamfani yana ganinsu kamar kowane kira, kuma ana biyan kuɗinsu. Gidan da ke da mace mai tsohon ciki bai kamata ya juye kuɗin wayarsa duka zuwa mega ba. A bar na kira ko kaɗan ne, a bar caji.

Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga jahohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Runji saboda ƴan bindiga. Cadakori tana cikin garuruwa uku da aka zaunar da su, tare da Garin Kaka da Dan Daji Makau. Wasunsu sun zo da layin Nijeriya. A ƙauyukan bakin iyaka ma waya takan kama rezon ƙetare ba tare da mai ita ya lura ba. Kiran da ya hau dogon ƙarfen Nijeriya, can zai tafi. Ya kamata baƙi su san lambobin Nijar, kuma a duba sunan kamfanin da ke rubuce a saman gilashin waya kafin a buga.

Idan kira ya shiga, kada a tsaya doguwar gaisuwa. A faɗi sunan gari da unguwa tukuna, don ko layi ya yanke an san inda za a nufa. Sannan a faɗi abin da ya faru, da yawan mutanen da abin ya shafa. Idan kira ya ƙi shiga, a rubuta gajeren saƙo. Saƙon rubutu ba shi da nauyi, yakan sulale ya wuce inda murya ta kasa. A nan ɗan makarantar yaƙi da jahilci ya fi maƙwabcinsa makami.

Waɗanda ke lafiya kuwa, ranar ambaliya ko gobara, su rage kira. Saƙo guda ya isa: muna lafiya. Bidiyon ɓarnar ya jira dare. Yara kuma a hana su wasa da 17 da 18, domin duk lokacin da ma'aikaci ke amsa wa yaro mai dariya, wani yana can yana jin layi a toshe.

A cibiyoyin karatu malami zai iya rubuta 15, 17 da 18 a allo, da lambar likitan yankin a ƙarƙashinsu. Kowane ɗalibi ya kwafe su a takarda da babban rubutu, ya liƙa a bangon zaure, inda mata da yara ke iya gani.