Gwiwar Baba da Katin da Inna Ta Ajiye

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ko da yake in kun duba da kyau za ku same ta a ciki.

Mahaifina tsohon soja ne, yana cikin dakarun ECOMOG da aka tura Laberiya a 1990. A can ya faɗo daga mota ya bugu a gwiwa. Aka yi masa magani ya koma bakin aiki. Sai da shekaru suka ja ciwon ya dawo, har ta kai a kan kujera yake sallah. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ya ce gaɓar da ta taɓa jin rauni ta fi saurin kamuwa.

Baba ya nemi kuɗin naƙasa, amsa ta zo wai tsufa ne kawai, babu shaidar a bakin aiki ya samo ciwon. Ranar nan ko tuwo bai ci ba. Ga kuɗin magani, ga kuɗin makarantar ƙanwata.

Da daddare Inna ta kira ni ɗaki, ta buɗe kwallarta ta aure, ta zaro wani kati da ya yi ja don tsufa. Ashe katin asibitin soja ne, da lambar Baba da sa hannun likita.

"Tun ranar da ya dawo nake ajiye da shi," in ji ta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ni na rubuta takardar ƙorafi, muka haɗa da kwafin katin, da hoton ƙashi, da rahoton likita mai nuna alaƙar faɗuwar da ciwon. Wani dattijo a ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion ya nuna mana inda za mu kai. Yanzu an kira Baba gaban kwamitin likitoci, su za su auna girman naƙasar. Ku taya mu da addu'a.

Ke da mahaifinki soja ne, ko kike shirin auren soja, ki riƙe wannan: kada ki yar da katin asibiti komai tsufansa. In za a miƙa takarda a miƙa kwafi, a sa mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naku. In an ƙi a karon farko, a sake rubutawa da sabuwar shaida. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.