Abin Da Ake Gani A Kashin Yaro

Uwargida, idan likita ya ce ki kawo kashin yaronki mai zawo, kin san abin da ake yi da shi? Tsohuwar hanya, wadda asibitoci da yawa ke bi har yau, ita ce a shafa shi a wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a jira kwana 2 ko 3 a ga abin da zai tsiro. To, wasu ƙwayoyin ba su da juriya. Shigela, mai kawo atini, takan mutu idan kashin ya jima bai isa ɗakin gwaji ba, sai a ce ba a ga kome ba, ga yaro kuwa yana ta ramewa.

Sabuwar hanya ba ta jiran tsiro. Kowace ƙwaya tana da sinadarin gado nata, wato DNA, wanda ake gane ta da shi kamar yadda ake gane asalin mutum da zanen fuskarsa, kuma yana nan ko ta mutu. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙirƙiro dabarar riɓanya shi a 1983, har na'ura ta iya auna yawansa.

Amma fa ko a kasuwa, mace mai wayo ba ta yarda da mudun da ba ta gwada ba. Masana sukan zuba ƙwayoyin da suka riga suka san adadinsu a cikin kashi, su ga ko na'ura za ta faɗi gaskiya. Dole ne a yi haka, domin ruwan matsarmama da ke cikin kashi yakan hana aikin tafiya, wasu ƙwayoyin kuma bawonsu da tauri, in ba a fasa shi sosai ba sai lissafinsu ya gaza.

Babban gwaji ya fito a 2016. Tsakanin 2007 da 2011 an tara kashin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangladash da Pakistan, na masu zawo da na masu lafiya. Da aka sake auna shi da sabuwar hanya, sai aka tarar zawon da Shigela ke kawowa ya kai wajen ninki biyu na abin da tsohuwar hanya ta nuna, kuma sau da yawa ba jini a cikinsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, an sami ƙwayoyin har a kashin yara masu wasa lafiya lau, sai dai kaɗan ne. Ashe ganin ƙwaya bai isa a ce ita ta kwantar da yaro ba, sai an dubi yawanta an kwatanta da na masu lafiya. 'Yammata 'yan makaranta masu sha'awar kimiyya, ku lura da wannan.

Ke kuma uwargida, ki ɗebi kashin a kwalba mai tsabta, kada fitsari ya taɓa shi, ki kai nan da nan. Kafin sakamako ya fito, ki ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.