Gwanjo: Sadakar Turai da ta zama haja a Faraku da Jugu

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Arzeke ta Faraku, ko babbar kasuwar Jugu, ya san yadda ake yi ranar da aka yanke sabuwar dila. Kafin igiya ta gama faɗuwa ƙasa an yi mata caa, wannan ya ja riga, wancan ya ja wando, mai dila kuwa zuciyarsa na dukan uku-uku, don bai san ko riba ya saya ko tsumma ba. Abin da da yawanmu ba mu tsaya mun yi tunani a kai ba shi ne, yawancin wannan kaya da muke ciniki a kansa, masu shi na farko kyauta suka bayar.

Ga yadda abin yake. A Ingila da Faransa da Amurka, mutum idan ya gaji da tufafinsa sai ya kai wa ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da Salvation Army, ko ya jefa a akwatunan da aka ajiye a bakin titi. Kaɗan ne daga ciki ake sayarwa a shagunansu na can. Ragowar sai a sayar wa kamfanoni a kan sikeli, su tantance, su matse cikin dila mai nauyin kilo 45 ko fiye, a loda a jirgin ruwa. Idan ya sauka a tashar Kwatano, sai kasuwar Misebo, daga nan manyan motoci su hauro da shi arewa, tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Faraku. A nan hanya ke rabuwa: wani ya yi yamma zuwa Jugu, wani ya miƙe Malanbil, wani kuma ya bi ta Nikki ya ɓulla Nijeriya, duk da cewa gwanjo ya daɗe cikin jerin kayan da ƙasar ta hana shigowa da su.

Ba za mu yi butulci ba. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri, musamman lokacin hunturu, kuma samari da zawarawa da dama da shi suka kama jari. Mun ga yadda gidaje suka shiga halin ni-'yasu lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, haka kuma da aka toshe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Wanda ya ce a hana gwanjo dare ɗaya, bai san bakunan da ke ci daga gare shi ba.

To amma akwai wanda ke biyan kuɗin wannan arahar. Tela ne, da masaƙi, da marini. Rigar da aka samu kyauta daga tushe, babu telan da zai iya gasa da ita, domin shi sai ya sayi yadi da zare, ya biya hayar shago. Abin takaicin ma shi ne, arewacin Benin ƙasar auduga ce, kuma a nan Faraku aka kafa masaƙar IBETEX a shekarun 1970, wadda daga baya ta koma COTEB, kafin ta durƙushe. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ita ma ta rufe a 2002. Ba gwanjo kaɗai ya kashe su ba, akwai yadin Sin mai araha da matsalar lantarki da sakacin shugabanni, amma dai yana cikin waɗanda suka riƙe ƙafa aka yanka.

Su kansu masu bayarwar sun fara gane haka. Wani ƙaramin kamfanin takalma na Amurka mai suna TOMS ya yi tashe tun daga 2006, saboda alƙawarin cewa duk takalmin da aka saya, zai ba wani yaro matalauci guda kyauta. Masu suka suka yi ta tambaya: ina makomar baduku da mai sayar da takalma a garin da aka raba kyautar? A 2019 kamfanin ya sanar da sauya tsari, ya koma ware kashi ɗaya cikin uku na ribarsa don tallafi. Ruwanda kuwa haraji ta tsawwala wa gwanjo a 2016 don kare telolinta, ta kuma jure hukuncin da Amurka ta yanke mata a 2018 na janye rangwamen shigar da tufafinta can.

Mu a zango ba baƙin wannan darasi ba ne. Faraku da Jugu tsofaffin masaukai ne a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Maigida a wancan zamani yakan sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa wajen bashi, yaron da ya yi masa hidima kuma ƙarshenta ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan taimako ne da ke haifar da sabon ɗan kasuwa, ba sabon mai jiran hannu ba. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa 'yan kasuwa ita ce, a duba inda kuɗin sadaka ke sauka. Idan azumi ya zo za ka yi wa marayu kayan Sallah, maimakon ka yanke dila ka raba, sayi yadi ka kai wa telan unguwa. Kuɗi ɗaya ne, amma ya shiga gida biyu. Zakkar dukiyar ciniki, wadda malamai suka ce ɗaya ce cikin 40 idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, maimakon a tsinka ta ƙwandala-ƙwandala ga mutum 100, me zai hana a dunƙule wa mabukata biyu ko uku abin da zai isa keken ɗinki ko jarin tebur? Mai sayar da gwanjo kuma ya ji tsoron Allah ya nuna aibin kaya, ya kuma daina zubar da tsumman da ya kwantai a magudanar ruwa, don da damina kowa zai sha.

Haka nan idan wata ƙungiya daga waje ta zo da niyyar raba kaya, shugabannin kasuwa da sarakunan zango su daure su tambaye ta cikin ladabi: shin ba za a iya sayen wannan kaya a nan wurin mutanenmu ba? Mai niyyar alheri ba zai ji haushin tambayar ba.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma sai an lura kada ya faɗo a kan tukunyar maƙwabci. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sa mu fi ƙarfin bukatunmu, amin.