Shin Ko Kun San? Abin da Ya Kamata a Tsinta Kafin Tsohon Soro Ya Kwanta a Kontagora

Shin ko kun san garin Kontagora bai cika shekara 170 da kafuwa ba? Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi a 1864, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan a 1859. A gefen Kano ko Katsina, gari ne na jiya-jiya. Wannan kuwa sa'a ce ga mai neman tarihi, domin har yau akwai dattawan da suka ji labarin gine-ginen farko daga bakin kakanninsu.

Shin ko kun san sojojin Turawan Ingila sun ci garin a farkon 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse? Bayan ya rasa sarautar, an mayar da shi kan karaga a 1903, ya yi mulki har 1929. Duk zauren da aka ɗora a zamaninsa, idan yana tsaye, ya kusa shekara 100 ko ya haura.

Shin ko kun san abu mafi daraja a tsohon soro ba a ganinsa daga waje? Azara ce. Daga gangar giginya ake tsaga ta, kuma magina sun fi son namijin giginya saboda tauri. Gara ba ta iya mata komai. Katanga takan zube, tubali ya koma ƙasar da aka ɗebo shi, amma a zaro azara daga cikin ɓaraguzai da ƙwarinta, har a sake yin rufi da ita. Ku dubi ɗaya da kyau idan kun samu: baƙa ce, da zare-zare masu kaifi a jikinta, gefen da ya kalli ɗaki ya sha hayaƙin fitila da na murhu har ya yi sheƙi. Abin takaici, sau da yawa ƙarshenta murhun dafa abinci ne.

Shin ko kun san azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6? Wannan ƙalubale ne ya haifi gwanintar maginan Hausa. Sukan jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, tulluwa ta zauna a kai. Saboda haka ranar da ake rushe irin wannan ɗaki ita ce rana ɗaya tak da ido zai ga yadda aka ɗaura ƙashin ginin. Wanda ya ɗauki hoto a wannan lokaci ya adana darasin da babu shi a allo.

Shin ko kun san shafen bango ma yana da tarihinsa? Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin akuya daga majema da dafara, ruwa ba ya ratsa shi. Ɗan ɓallin laso kamar tafin hannu ya isa ya shaida cewa magini da marini da majemi sun yi aiki tare a gari ɗaya.

Ƙyaure ma haka. Ƙusoshinsa da sarƙarsa da maratayinsa aikin maƙeran gari ne, ba na kanti ba.

Shin ko kun san a Jihar Neja, inda Kontagora take, aka yi ɗaya daga cikin fitattun ayyukan ceto kayan gini a Arewa? Zungeru ce ta kasance hedikwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902, kafin a koma Kaduna. Gadar ƙafa ta ƙarfe da aka kafa a can a 1904, wadda ake kira gadar Lugga, an kwance ta a 1954 aka sake haɗa ta a lambun Gamji da ke Kaduna, aka kuma sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Gadar ta tsira. Sai dai Zungeru ta rasa ta, yawancin gine-ginen wancan zamani kuma sun zama kufai. A ganina darasin a fili yake: a ceci abu, amma a nema masa wurin zama a garinsu.

Shin ko kun san takarda da ma'auni sun taɓa ceton masallaci? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana shi dalla-dalla. A shekarun 1970 aka yi sabon gini da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Da wancan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda kowa zai iya shiga ya ɗaga kai ya ga bakan gizon. Littafin Dmochowski mai juzu'i 3 ya fito a 1990, bayan rasuwarsa.

Shin ko kun san akwai hukumar da doka ta ɗora wa wannan nauyi? Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ce, an kafa ta a 1979, kuma tana da gidan tarihi a Minna. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana koyar da zanen gini. Daga Kontagora zuwa Minna ba wani nisa ba ne.

Ba wanda zai hana magada su rushe ɗakin da damina ta cinye, ko su sa bulo da kwano inda ƙasa ta gaza. Roƙon kaɗan ne. Kafin a sa diga, a ɗauki hoton ginin ta kowace fuska da waya, ciki da waje, har da zankwaye da indararo da zanen bango. A auna tsawo da faɗi da kaurin katanga. A zauna da tsohon gidan ko tsohuwar gidan, a naɗi muryarsu: wa ya gina, zamanin wane sarki, daga ina aka kawo azara? A ware ƙyaure da azara biyu ko uku, a rubuta sunan gida da unguwa a jikinsu.

Masu unguwanni da sarkin magina da matasan Kontagora masu waya a hannu, wannan aiki naku ne. Ku fara da zauren da ya fi tsufa a unguwarku, tun kafin damina mai zuwa.